Igiyar Gwaji

Ku yaran yanzu da kuke manna ƙarfe da ƙarfe da wutar lantarki, kun maƙala baƙin tabarau kamar direbobin manya, kun ɗauka ƙira ke nan. Kwanaki wani a cikinku har ya ce mini ai bindiga ba komai ba ce, bututu ne da kunama, idan aka ba shi yini guda zai haɗa ta. Ban tanka masa ba a lokacin, don bakina cike yake da goro. Yau zan ba shi amsa. Ni Garba, a bakin wuta na tsufa a nan Ƙofa, kuma akwai hannun dama guda ɗaya, na wani mutumin kirki, da ya tafi saboda ranar da aka kawo mini aiki na yi ƙyuyar sauke igiya daga jikin ƙusa.

Fartanyar farko da na ƙera ba ta kwana ba. A wurin ƙanin mahaifina na koyi sana'a, Baffa Ɗanjuma, kuma sai da na shekara uku ina zuga masa wuta kafin ya yarda na taɓa masaba. Da na gama fartanyar na miƙa masa ina murmushi, sai ya rataya ta da zare, ya ɗan buga mata awartaki, ya kara kunne. Sai ya mayar da ita cikin gawayi. Daga baya ya bayyana mini cewa ƙarfen kirki idan an buga shi yakan yi kuka mai tsawo, wanda kuwa yake da ciwo a ciki sau ɗaya zai yi ƙara ya yi shiru. Ido yana iya ruɗuwa da sheƙi, in ji shi, amma kunne ba ruwansa da sheƙi. Kayan aikinmu ba su da yawa: uwar maƙera, masaba manya da ƙanana, awartaki, magagari, zugazugin fatar akuya. Ta ƙarshensu ita ce igiyar rama mai tsawon taku ashirin, wadda take rataye a ƙusa daga hagun ƙofa.

Igiyar ta bindiga ce. Mu ba mu ƙera sabuwa, amma maharba daga wajen Falgore da Doguwa suna kawo mana adakarsu gyara, bindigar nan ta gida da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wata kunamarta ce ta saki, wata ƙotarta ce ta tsage. Ƙa'idar Baffa ita ce duk bindigar da ta shigo maƙerarmu, ko ƙusa ɗaya aka sauya mata, ba za ta koma hannun mai ita ba sai an kai ta kwarin bayan gari. Can akwai wani kututturen ƙirya. A ɗaure ta a jikinsa, a ɗaura igiya a kunama, kowa ya koma bayan tudu, a ja. Sau uku ake yi, ba sau biyu ba. Maharba suna tsaki, suna cewa ana ƙona musu albarushi a banza. Shi kuwa Baffa amsarsa guda ce kullum: igiya ce take fara harbi, don ita ba ta da yatsu.

Libarba ta farko da na taɓa riƙewa wani tsohon soja ne ya kawo, bayan an gama yaƙin basasa, yana so a sauya masa katakon mariƙi. Ƙarama ce, ba ta fi tafin hannu da rabi ba, amma nauyinta sai da ya ba ni mamaki. A tsakiyarta akwai wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka shida, mu muka sa masa suna ganga, a nan harsasai suke zama. Duk jan kunama gangar takan juya ta kawo sabon rami daidai saitin bututu. Baffa ya yini yana juya ta yana leƙawa. Ya ce mini in duba da kyau, domin idan ramin nan ya kauce wa bututu ko da kaurin gashi ne, harsashi ba shi da hanyar fita, kuma wutar da ba ta samu ƙofa ba za ta yi wa kanta ƙofa. Ya sauya katakon, ya mayar wa sojan kayarsa, ya ce wannan aikin inji ne, ba na masaba ba, kada a sake kawo mana irinta.

Ba a daɗe ba sai kwaikwayonta ya shigo. Ban san inda ake yin su ba, har yau ban sani ba. A kasuwar Riruwai aka fara ganinsu, sannan Tudun Wada, ana sayarwa a ƙarƙashin tabarma, ba a baje su a fili. Fari tas suke, suna ɗaukar ido fiye da ta sojan nan, har da rubutun boko a jikinsu. Wani malamin firamare ya taɓa dubawa ya ce rubutun bai ce komai ba, wasu baƙaƙen ma a juye suke. Ba ƙira ba ce, zubi ne. An narka tarkacen ƙarfe iri-iri, irin wanda ake yin kwaɗon ƙofa mai arha da shi, an zuba a tsari, an shafe bayansa ya yi sheƙi. Cikinsa kuwa duk ƙananan ramuka ne kamar katakon da gara ta ci. Ɗan haƙorin da yake tsayar da ganga shi ma laushi gare shi, ana juya ta kwana biyu sai ya cinye, ganga ta fara tsayawa inda ta ga dama.

A shekarar farin nan da dawa ta bushe a tsaye aka fi sayensu. Yunwa ta shigo, sata ta biyo ta, mutum ya tashi ya tarar an yashe masa rumbu ko an kwance masa sa. Na farko da muka ji labarinsa wani mai gadi ne a wajen haƙar kuza a Riruwai. Ya harba wa ɓarawo, bindiga ta tarwatse, yatsu uku suka tafi. Sai wani falke a hanyar Doguwa, shi ido ya rasa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne babu wanda ya zargi bindigar. Kowa cewa yake ɓarayin suna da maganin bindiga, wai idan ka nuna musu ita suka tofa, sai ta juyo kanka. Ku sani mun tashi mun tarar ana faɗin haka, kuma ni ban zo in yi musu da kowa a kan abin da ban gani ba. Amma wannan magana ita ta zama rigar masu sayar da kayan nan. Duk wadda ta fashe sai sunan ɓarawo ya ƙaru, ita kuma kasuwarta ba ta ragu ba.

Malam Isyaku yana cikin mutanen da aka tasa saboda madatsar ruwan Tiga. Garinsu da masallacinsu da kaburburan iyayensu duk ruwa ya hau kansu. Aka ba su fili a kan tudu, ƙasa mai tsakuwa wadda ba su san halinta ba. Dogon mutum ne, mai magana a hankali, idan ya gaishe ka sai ya tambayi kowa na gidanka da sunansa. Da kuɗin diyyar da aka ba shi na tashi ya sayi shanun huɗa biyu, ni na gyara masa garmarsu, daga nan muka saba. Da fari ya tsananta ciyawa ta ƙare, sai ya kai shanun wajen wani Bafillatani abokinsa mai suna Buba, a bakin dajin Falgore, su yi rani a can. Shanun nan biyu su ne duk abin da ya rage masa a duniya bayan iyalinsa.

Ana gab da faɗuwar damina ya zo mini da hantsi, ranar Baffa ya tafi Kiru ta'aziyya. Bayan mun gaisa ya waiga, ya zaro wani ƙunshin tsumma daga aljihun 'yar cikinsa. Libarba ce, irin ta zubin nan. Ya ce gobe zai tafi ya taho da shanunsa, hanyar kuwa ta lalace, shi ya sa ya saye ta. Amma gangarta tana rawa, yana so in ɗaure masa. Na goga magagari a wani lungu da ba a gani, ƙarfen ya biyo shi kamar ina kankare sabulu, ga ramukan nan a ƙarƙashin sheƙin. Na rataya ta da zare na buga mata awartaki. Ƙara ɗaya ta yi, ta yi shiru.

Na ce, "Malam Isyaku, wannan abar ba za ta yi ƙarko ba."

Ya ce, "Ai ba gado zan bar wa 'ya'ya ba, Garba. Tafiya ɗaya nake so ta kai ni ta dawo da ni."

Ku lura da kalmar da na yi amfani da ita. Ƙarko magana ce ta fartanya da lauje. Idan maƙeri ya ce wa manomi abu ba shi da ƙarko, abin da manomi zai ji shi ne zai cinye kafin kaka, sai a sayi wani. Kullum da manoma nake magana, bakina ya saba da ita, kuma ita ce mai sauƙin faɗa wa mutumin da ya riga ya rabu da kuɗinsa. Kalmar da ta dace tana bakina, ban fitar da ita ba.

Na dai kawo maganar gwaji. Ya buɗe tsumman ya nuna mini harsasai biyar, ya ce su ke nan, mai sayarwar ma ya ce babu wasu. Idan kututture ya cinye uku, da me zai shiga daji? Ban da haka ƙarar wannan ba irin ta adaka ba ce, idan 'yan sanda suka ji, ni da shi duk za mu kwana a ciki. Ya ƙara da cewa shi ba mai harbin mutum ba ne, nuna ta kawai zai yi a ji tsoro. Duk maganarsa akwai hankali a ciki. Na ɗaga kai na dubi igiyar a jikin ƙusa, na mayar da kaina kan aiki. Ba zan ɓoye muku ba, har da son a sani. Ina so a ce a duk Ƙofa Garba ne ya iya gyaran libarba, abin da Baffansa ma ya ƙi taɓawa. Na ɗaure gangar ta daina rawa, na goge ta da mai, na miƙa masa. Wannan gyaran shi ya fi komai muni, domin bindiga mai rawa tana ba mai ita tsoro, wadda ta tsaya cak kuwa sai ya amince da ita.

Buba ne ya ba mu labarin abin da ya faru, yadda ya ji daga bakin Isyaku. Isyaku ya karɓi shanunsa da safe ya kamo hanya. Bayan azahar, a wata 'yar siririyar hanya cikin daji, mutum uku suka tare shi da sanduna da adduna. Ya zaro bindigar ya nuna musu, ba su tsaya ba. Sai ya ɗaga ta sama ya harba, ta tashi lafiya. Suka ja da baya, sannan suka sake matsowa. Ya sake ja, gangar ta tarwatse a cikin hannunsa. Ɓarayin suka kora shanun suka bar shi a kwance. Matan rugar Buba masu dawowa daga tallan nono ne suka tsince shi da la'asar. Kafin a samu motar da za ta kai shi asibiti a Kano sai da ya kwana biyu, hannun ya riga ya yi baƙi, aka yanke shi daga wuyan hannu.

Kafin ya dawo gida labari ya riga shi. Wai ɗaya daga cikin ɓarayin damtsensa cike yake da layu, wai an ga ya tofa kafin bindigar ta fashe. Wa ya gani, babu wanda ya tambaya, alhali Isyaku shi kaɗai ne a wurin. Na je duba shi, na tarar da shi a zaure ya naɗe dungun da farin ƙyalle. Ya gode mini da zuwa, ya ce haka Allah ya ƙaddara, mutanen sun fi shi shiri ne. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na fito ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma kuma a ƙasan raina na ji daɗi da maganar layun nan ta rufa mini asiri. Damina ta zo ta wuce, gonarsa rabi aka nome, ni kuwa ban faɗa wa kowa ba, har Baffa.

Bayan an yi girbi sai ga shi ya shigo maƙera tare da ƙaninsa Haruna, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya bar noma ya kama kamun kifi a sabon ruwan. Baffa yana kan uwar maƙera yana dukan gatari. Haruna ya ce an ga shanun yayansa a wajen Doguwa, zai bi sawunsu. Ya fito da libarba, 'yar'uwar waccan sak, sai dai an ɗinka wa wannan laya a jar fata, wadda aka ce masa tana karya maganin bindiga. Abin da yake so shi ne in sa mata zobe a gindi inda zai rataya layar, in kuma ɗaure mata ganga. Ya ce yayansa ya gaya masa ni na gyara waccan, kuma hannuna yana da kyau.

Masabar Baffa ta tsaya. Bai dube ni ba, gatarin yake kallo. Ya ce, "Ka kai ta kwari?"

Na ce ban kai ba. Ina iya tsayawa a nan, in ce mai ita ne ya hana, kuma gaskiya ce. Amma ga hannun Haruna a kan gwiwarsa, yatsu biyar, duk kantar igiyar koma. Sai na faɗi sauran. Na ce na goga ta na ga ramuka, na buga ta ba ta yi kuka ba, tun ranar na san za ta iya fashewa ko da a kan tsuntsu aka harba ta. Na ce babu wani magani a cikin lamarin, ƙarfen ne ruɓaɓɓe, kuma wannan ma haka take. Haruna ya fusata, ya ce maƙera dama ba sa son kayan da ba su suka yi ba. Baffa ya ajiye masaba, ya miƙe, ya sauke igiyar da kansa.

Mu huɗu muka gangara kwari da rana tsaka. Baffa ya sa aka bar layar a jikinta yadda take, don kada a ce an cire mata kariya. Ni na ɗaure ta a kututturen, muka koma bayan tudu. Baffa ya ja, ta tashi, tsuntsaye suka watse. Na je na sake ɗana ta, ya sake ja, ta sake tashi lafiya. Ban san abin da nake roƙo ba, ta fashe ko kada ta fashe, amma na san idan ta tsira Haruna zai tafi Doguwa da ita a hannu. Shi kuwa ya miƙe yana cewa ya isa haka, an ƙona masa biyu a banza, saura nawa zai shiga daji da su. Maganar yayansa ce sak, har da yadda ya buɗe tafin hannu. Baffa ya ce uku ne. Haruna ya nufi kututturen zai kwance kayarsa.

Isyaku ne ya tsayar da shi. Ya kira sunansa sau ɗaya, ya ce ya dawo ya zauna. Ya ce mini in je in ɗana. Da na dawo sai ya miƙa wa Baffa hannun hagu, Baffa ya sa masa igiyar. Ya naɗe ta a yatsunsa, ya yi bisimilla, ya ja. Ƙarar ba irin ta biyun farko ba ce. Da hayaƙi ya lafa muka je, bututun yana can gefe, saman bindigar ya yage, rabin gangar ya shige cikin ƙiryar har sai da na sa awartaki na zaro shi. Layar tana nan a ƙasa, ko ƙonewa ba ta yi ba. Babu ɓarawo a kwarin nan, babu mai tofi, kututture ne kawai. Haruna ya tsuguna yana kallon wurin da hannunsa zai kasance, can sai ya koma gefe ya yi amai.

Isyaku ya daɗe yana duban ƙarfen da na zaro. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa yadda na saba jin ta, a hankali.

"Ƙarko ka ce mini, Garba. Ni manomi ne, na ɗauka tsufa za ta yi. Da ka ce hannuna za ta ci, ai da na bar musu shanun."

Bai jira amsata ba. Ya danne bakin igiyar da ƙafa, ya naɗe ta da hannu ɗaya a kan gwiwarsa, a hankali, har taku ashirin ɗin suka ƙare. Ina tsaye kusa da shi, amma ba ni ya miƙa wa igiyar ba, sai Baffa.

Haruna bai je Doguwa ba, shanun kuma ba a sake ganinsu ba. Ya ɗauki tarkacen bindigar ya yi ta nuna wa mutane a bakin ruwa da kasuwa, wasu suka yarda suka jefa nasu a masai, wasu suka ce kututturen ma wa ya san abin da aka binne a gindinsa. Ya tsufa da hannayensa biyu yana tuƙa kwalekwale. Baffa bai zage ni ba, bai kore ni ba, ya dai mayar da ni kan zugazugi wata shida, ina magidanci da gemu, duk mai wucewa yana gani.

Malam Isyaku ya koyi noma da hagu. Yana buƙatar fartanya ta musamman, mai sauƙin nauyi, mai gajeriyar ƙota, aikin da zan iya gamawa kafin azahar. Bai taɓa daina gaishe ni ba. Yakan tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya zo bikin sunan 'ya'yana, da Baffa ya rasu yana sahun gaba. Amma duk lokacin da fartanyar nan ta dakushe, sai in gan shi ya saɓo ta a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar maƙerata mu gaisa sosai, sannan ya wuce da ita a ƙafa har Bebeji wurin wani maƙerin. Haka ya yi har ya koma ga Allah, ko basilla bai sake ba ni na gyara masa ba.